Babu Gawo a Cikin Leda

A Magama, dab da shingen da ke kan hanyar Ɗan Issa, idon kowa na kan manyan motoci da 'yan canjin sefa. Ni kuwa wasu ledojin fiyawata ne suka tsayar da ni, an jera su a inuwa cike da ƙasa da taki, kowace da ɗan tsironta. Na durƙusa na duba: darbejiya, turare, mangwaro, gwaba. Duk baƙi. Ita kanta darbejiyar da muke ganin kamar tare aka haife mu, asalinta Indiya.

Na ce da dattijon da ke ba su ruwa, "Baba, babu gawo ko kirya?"

Ya yi dariya. "Ɗana, wa zai cire kuɗinsa ya sayi itacen daji? Wannan ai Allah ke shuka shi."

Da can haka ne. Akuya ta ci 'ya'yan gawo, ƙwayar ta bi ta cikinta ɓawon ya yi laushi, ta fito haɗe da takinta, damina ta ƙarasa aikin. Mai reno kuwa sai ya jiƙa ƙwayar a ruwan zafi ko ya kankare ta, tsiron bai kai taƙi ba saiwar ta huda ledar tana neman ƙasa. Ga wahala, ga rashin ciniki. Alhali gawo ne ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da dabba. Kirya ta tafi a gawayi da turmi. Yaran yanzu sun san ɗinya da taura a faranti, ka ce su nuna maka bishiyar sai kame-kame.

Tsallaken iyaka, a jihar Maraɗi, an bi wata hanya. Tun 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturen da ake sarewa wajen sharar gona saiwarsa na da rai. Manoma suka riƙa barin tofo biyu ko uku mafi ƙarfi, suna sassabe sauran. Bishiyoyin da suka dawo ta haka a kudancin Nijar ana ƙiyasta su kusan miliyan 200.

Amma kututture sai inda aka taɓa yin bishiya. Inda kanya ta ƙare ƙarƙaf, dole a koma ga leda, mai leda kuma ba ya renon abin da ba a tambaya. Don Allah, in za ka sayi dashe bana, ka tambayi kanya, ko da ka san babu.