Gawo Tara da Na Sare a Gonar Gado

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, gonar bayan gari ta faɗo a rabona. Jigawa ce, ba ta da girman a zo a gani, amma tana da gawo guda tara, da ɗorawa biyu a kusurwar gabas, da tsamiya ɗaya a kan iyaka inda masu noma ke shan fura da rana. Ni kuwa na daɗe ina aikin akanta a birni. Lissafi ne sana'ata, kuma da idon lissafi na shiga gonar.

Na ɗauko littafi na ja layi biyu, na shiga da na fita. Gero da wake da gyaɗa suna da farashi a kasuwa, na rubuta su. Itatuwa ba su sami gurbi ba. Abin da na gani kawai shi ne sun tare fili, ga mai tarakta ya ce ba zai sa garmarsa inda saiwa za ta lalata masa ita ba. Ana cikin haka sai wani mai kai itace gidajen burodi ya taya su. A takarda abin ya zauna daram: kuɗin itace zai biya hayar tarakta da takin zamani na shekarar farko, fili ya ƙaru, aiki ya yi sauri.

Baffana, ƙanin mahaifina, ya tako har gida bayan la'asar. Ya ce, "Ɗana, ka bar gawon nan. Ba ya cin hatsi, ciyar da shi yake yi. Wasu kakanka ya tarar da su, wasu mahaifinka ya raine su." Na durƙusa na ce, "Baffa, zamani ya canza, noman yanzu na inji ne." Na yi ladabi, amma ban saurara ba. Na ɗauka al'ada yake karewa, shi ya sa ko tambayarsa dalili ban yi ba. Bai ja da ni ba, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki sandarsa.

Kwana uku masu zarto suka yi. Suka kayar da gawon duka, suka haɗa da ɗorawar. Tsamiyar ta tsira ne don rabinta na maƙwabci ne.

Shekarar farko hatsi ya yi kyau, na riƙa ba abokan aiki labari. Ban san ajiyar da itatuwan suka bari a ƙasa nake ci ba. A shekara ta biyu iskar farkon damina ta kwaso rairayi ta binne tsiro, sai da na sake shuka. A ta uku ƙasar ta yi fari fat, ta fara neman taki fiye da na bara don ta ba da abin da bai kai na bara ba. Sai ga 2022, yaƙin Rasha da Yukren ya cilla farashin taki sama. Na zargi ruwan sama, na zargi iri, na zargi 'yan ƙwadago. Kaina kaɗai ban zarga ba.

Wata rana da rani Inna ta ce mini awakinta sun rame, harawa ta ƙare. Na tafi kasuwar ƙauye in sayo musu abinci. A layin masu dusa na tarar da wani dattijo ya baje buhu, cike da 'ya'yan gawo, jajaye-jajaye, a nannaɗe kamar kunne. Na tambayi kuɗi, muka yi ciniki, na biya. Ina miƙa hannu in ɗauki buhun, ƙamshinsu ya bugi hancina, sai na tsaya cak. Ƙamshin gonarmu ne. Da irin wannan nake cika riga ina yaro in kawo wa awakin Inna, ba wanda ya taɓa cewa in kawo ko sisi.

Da dare na buɗe littafina zan rubuta kuɗin, sai na ga babu layin da zan sa shi. Dole na ja sabo: abincin awaki. Na duba shafukan baya, na ga sababbin layuka da na yi ta ja ban lura ba. Ƙarin taki. Irin sake shuka. Kalwar da Inna ke saye yanzu don daddawa. Itacen girki. Ba ɗaya daga cikinsu da mahaifina ya taɓa biya. Na daɗe riƙe da biro ban rubuta komai ba. A nan na gane kuskurena: duk abin da ba a yi ciniki a kansa ba, na ɗauke shi sifiri. Aikin yana gudana ne kyauta, sai da na kori ma'aikatan na san albashinsu.

Daga baya na fahimci abin da Baffa yake nufi. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Saiwarsa tana tara sinadarin naitirojin a ƙasa. Da rani yake yin kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Jikinsa kuma yana karya ƙarfin iska.

Abin da na yi a 'yar gonata, duniya tana yin sa a dazuzzuka da fadamu da gaɓar teku. A 1997 Robert Costanza da abokan bincikensa suka wallafa ƙiyasi a mujallar Nature cewa hidimomin da muhalli ke yi wa ɗan'adam, irin su tace ruwa, gina ƙasar noma, barbarar furanni da tare ambaliya, sun kai kimanin dala tiriliyan 33 a shekara, fiye da duk abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa a lokacin. A 2014 suka sake lissafi, suka ce sauya yadda ake amfani da ƙasa tsakanin 1997 da 2011 ya jawo asarar dala tiriliyan 4.3 zuwa 20.2 a kowace shekara. Masana suna muhawara kan alƙaluman, amma ni na san yadda irin wannan asara ke shigowa: layi ɗaya bayan ɗaya, ba tare da mai littafi ya farga ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga ni gane wannan. Tun farkon shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma tare da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, suka fara renon tohon da ke fitowa daga kututture maimakon sassabe shi. Dabarar ta bazu har Damagaram, aka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Na koma wurin Baffa na ce, "Baffa, na yi kuskure." Bai tuna mini da maganarsa ba. Washegari ya bi ni gona, ya nuna mini ƙananan gawo da suka tsiro daga kashin awaki, ya koya mini in zaɓi reshe mafi ƙarfi in datse saura, in kewaye shi da ƙaya. Na sallami tarakta, na koma garmar shanu da ke iya kauce musu. Mafi tsayinsu yanzu bai wuce kafaɗata ba. Baffa ba zai zauna a inuwarsu ba, ni ma sai in Allah Ya ja kwana.

Kai da ka gaji gona, ko ka sayi fili, ko kake sa hannu a takardar share daji, na san lissafinka zai yi maka kyau kamar yadda nawa ya yi mini. Kafin ka kira mai zarto, nemi dattijon da ya san wurin, ka tambaye shi abin da kowane itace ke yi, ka rubuta nawa za ka kashe in za ka saye shi a kasuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.