Python biyu a kwamfuta ɗaya, kowa da ɗakinsa

A makarantun karkara irin namu na ƙasar Kurfai, kwamfuta ɗaya ce ke ɗaukar aikin mutum goma. Tamu a nan Filinge, a kanta muke lissafin makin ɗalibai, a kanta kuma nake koya wa yara rubuta manhaja da harshen Python. Sai dai ayyukan nan biyu ba Python iri ɗaya suke buƙata ba.

Manhajar maki da muka gada da Python 2 aka rubuta ta, kuma in aka ba Python 3 ita, tun layin farko na print take tsayawa. Yara kuwa Python 3 ya kamata su koya, wanda ya fito tun 2008, domin an daina kula da Python 2 daga 1 ga Janairun 2020.

Bambancin ya shafi makomar yaro. Ka ce wa Python 2 ya raba 25 gida 2, sai ya ba ka 12. Python 3 zai ba ka 12.5. Wannan rabin maki shi ke raba na ɗaya da na biyu a aji. Haka haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ: Python 3 na karɓarsu kai tsaye, Python 2 kuwa sai an yi masa bayani na musamman.

Abin da nake yi shi ne zaman gidan mata biyu, kowace da ɗakinta. Kowane Python yana cikin jakarsa dabam. A Windows, in na rubuta py -2 tsohon ne zai amsa, in na rubuta py -3 sabon ne. Na hana yara rubuta python kawai, domin kwamfuta za ta kira wanda ta fara samu ne. Kowane aikin yara kuma ina buɗe masa keɓaɓɓen wuri da venv, don kayan wani kada su ɓata na wani.

Wasu abokan aiki na cewa a goge tsohon a huta. Ni dai ba na zubar da ruwan tulu don na ga hadari. A hutun damina zan sake rubuta manhajar da Python 3, in gwada su biyun da makin bara, ɗalibi bayan ɗalibi. Duk inda lissafi ya saɓa, sai na gano dalili kafin tsohon ya bar gidan.