Yatsu Uku

Motar da Baba ya bar mini Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, wadda Faransawa ke kira kufe. Da kuɗin goro ya saye ta daga hannun wani Bature da zai koma gida, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda a ce mata tsohuwa ba. Hujjarsa ɗaya ce: irinta Jean-Pierre Nicolas ya tuƙa ya ci gasar Bandama a ƙasar nan a 1978, a kan jar ƙasa da ramuka.

Ni kuwa tsayinta ne ya tsaya mini a rai. Na ga 'yan'uwanta a hotunan Turai sun yi luf da ƙasa, tawa kuma tana tsaye ƙerere kamar zalɓe a bakin tafki. Wata Asabar na ɗaga ta a jek a ƙofar gidanmu da ke Treichville, na aro ƙarfen matse sifirin, na kwance duka huɗun, na datse zobe ɗaya daga kowanne. Da injin yanka na yi, ban sa wuta ba, domin zafi yana kashe ƙwarin ƙarfe. Wannan kaɗai na yi daidai. Ta sauka kamar yatsu uku, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi kyau.

Abin da ban lissafa ba shi ne sifirin da aka rage wa zobe tauri yake ƙarawa, shokozoba kuma ba ta da sauran filin numfashi. Kowane ɗan tudu sai na ji shi a ƙashin bayana. Na daure, na ce ado ne.

Ranar da asirina ya tonu, a watan Yuni ne, zan kai Inna suna a Adjamé. Muka haye gadar Houphouët-Boigny, muka ratsa Plateau, muka tarar ruwa ya shafe mahaɗar Indénié kamar yadda ya saba. Akwai rami a ƙarƙashin ruwan. Na ji ƙara ɗaya daga cikin motar, sai ga baƙin mai yana yawo a saman ruwa: tukunyar man injin ta fashe. Yaran gbaka ne suka tura mu gefe. Inna ba ta ce uffan ba. Ta tattare zanenta, ta ratsa ruwan, ta tari woro-woro.

Tsohon bakaniken Baba yana nan a kasuwar tsofaffin kayan mota ta Adjamé. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe bai ɗago ba.

“Ɗana, wa ya gurgunta ta?”

Na ce ni ne, Baba.

“Waɗannan ai ba na kamfani ba ne. Ni na sa su da hannuna. Alhaji ya biya ni in ƙara mata tsayi, lokacin da yake shiga ƙauyukan Anyama neman goro da damina.”

Wata biyu ke nan tana kan duwatsu a garejinsa. Mun samu sifirin biyu a nan kasuwar. Sauran biyun wani ɗan'uwanmu yana cigiya a Kaduna, inda aka fara haɗa 504 a 1975, ko Allah zai sa a dace da masu tsawon da ake so. Zobban nan huɗu suna cikin akwatin takardun Baba. Har yau Inna ba ta tambaye ni labarin motar ba.