Akwatin Kiɗa a Bayan Mota

A biranen ƙasar Hausa a yau, da wuya mutum ya wuni a bakin titi bai ji wata mota ta wuce tana ruri kamar hadari ya taso daga gabas ba. Kafin a ga motar an ji ta. Wani lokaci ma ba a jin muryar mawaƙin ko kaɗan, sai dai dim, dim a ƙirji, ƙyauren shago yana karkarwa. Galibi motar ƙarama ce mai ƙofa huɗu, irin 'yan Kwatanon nan, Toyota Corolla ko Honda Accord, mai ita kuwa saurayi. Abin da ke wannan ruri yana ɓoye a cikin but, watau ma'ajin kaya na bayan mota. In an buɗe za a tarad da abu biyu: akwatin katako babba mai ɗauke da faffaɗar sifika, wadda a ke kira wufa, da kuma wani akwatin ƙarfe mai kamar faɗin allon karatu, wanda a ke kira amfilifaya.

Masu saye su kan zuba kuɗinsu duka a kan abu biyun nan, domin su ne a ke buɗe but a nuna wa abokai. Amma akwai na uku wanda ba a nuna wa kowa, shi ne wayar da ta taso daga batir a gaban mota, ta bi ta ƙarƙashin shimfiɗa har ta iso baya. A kan wannan waya ne a kan gane ko motar za ta kai baɗi lafiya, ko kuwa wata rana za a tsaya a gefen hanya ana watsa mata yashi.

Sa kiɗa a mota daga Amurka ya yaɗu. A shekarar 1930 kamfanin 'yan'uwan nan su Galvin na birnin Cikago ya fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola, kuɗinsa ya haura dala 100, tsada ƙwarai a zamanin. A 1973 kuma wani mutum mai suna Jim Fosgate, a jihar Arizona, ya fito da amfilifaya ta musamman domin mota. Tun daga nan abin ya yi ta girma, har ya zama sana'ar masu aikin wayar mota, waɗanda a ke ce wa rewaya, a Kano da Kaduna da sauran garuruwa.

Dalilin da ya sa a ke bukatar abu biyun nan mai sauƙi ne. Kowa ya san kalangu muryarsa siririya ce, tambari kuwa muryarsa kakkaura ce, gama fatarsa mai faɗi ce, cikinsa kuma mai zurfi. Haka sifika ta ke. Ƙananan da ke jikin ƙofofin mota su ne kalangai. Kakkauran sauti sai an tunkuɗa iska mai yawa, don haka a ke yin wufa mai faɗin inci 10 ko 12. Tunkuɗa iska mai yawa kuwa sai da ƙarfi, rediyon mota ba shi da shi. Ƙarfin da ya ke ba kowace sifika bai cika wuce wat 20 ba, ko da an rubuta 50 a jikin kwalinsa. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi ɗan sautin da rediyo ya aiko, ta ɗebo ƙarfi daga batir, ta haɗa ta ba wufa.

To, a nan sai mai karatu ya yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Wutar lantarki tana kama da ruwan famfo. Ƙarfin turinta ana auna shi da bolt, yawan abin da ke gudana ana auna shi da amfiya, aikin da ta ke yi kuma da wat. In an raba wat da bolt sai amfiya ta fito. Wutar gida a Nijeriya wajen bolt 230 ce, saboda haka abin da ke cin wat 600 a gida ba ya jan ko amfiya 3, 'yar waya siririya ta ishe shi. Batirin mota kuwa bolt 12 kaɗai gare shi. Wat 600 ɗin nan a mota amfiya 50 ke nan, har da ɗoriya, domin amfilifaya ta kan ɓatad da wani kashi ya zama zafi. Wanda ya tura ruwan kwalbati ta cikin karan dawa ya san abin da zai biyo baya. Siririyar waya in an ɗora mata amfiya 50 sai ta yi zafi, robarta ta yi laushi, ƙarfin da ya kamata ya isa baya ya ƙare a hanya.

Don haka wayar amfilifaya ta kan yi kaurin ɗan yatsa. Ana sayar da ita da lamba, kuma abin mamaki, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: lamba 4 ta fi lamba 8. A nan ne a ke yawan cutar mai saye. Akwai waya mai kaurin roba, ƙarfen cikinta ɗan kaɗan. Akwai kuma wadda cikinta alminiyam ne, an shafa masa jan ƙarfe a sama, alhali alminiyam ba ya ɗaukar wuta sai kamar kashi 6 cikin 10 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Gwanin rewaya ya kan yanki bakin wayar ya duba. In cikin silin fari ne, hannu kuma ya ji ta sakayau, ya san abin da ya riƙa. Araha ba ta ado.

Kafin a taɓa kome, sai a kwance kan batir mai alamar ragi, a kawad da shi gefe. Sa'an nan a zo ga fiyus, wanda shi ne mafi araha cikin kayan duka, shi ne kuma a ka fi yin gardama a kansa. Fiyus ɗan guntun ƙarfe ne da a ka yi shi domin ya narke da zarar wuta ta wuce kima, ya yanke hanya. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a sa shi a kan babbar wayar, kusa da batir, kada nisansa ya wuce inci 18.

Sau da yawa saurayi mai mota ya kan ce wa tsohon rewaya, "Baba, ai ga fiyus nan a jikin amfilifayar, har guda biyu. Na mene ne wani kuma?"

Shi kuwa ya kan amsa, "Samari, waɗannan amfilifaya su ke tsaro. Wayar nan mai ƙafa 16 fa, wa ke tsaronta?"

Gaskiyar tsohon ke nan. Jikin ƙarfen mota duk hanyar komawar wuta ne zuwa batir. Babbar wayar nan tana kwance a kan wannan ƙarfe tun daga gaba har baya, abin da ya raba su robar jikinta ce kawai. Mota kuwa kullum cikin girgiza ta ke, balle a hanyoyi masu ramuka. In bakin wani ƙarfe ya yi ta gugar robar, wata da watanni, har ran da ya kai ga jan ƙarfen ciki, batir zai saki amfiya ɗaruruwa a lokaci guda. Wayar ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera, shimfiɗar ƙasa ta kama, soson kujera ya karɓa. Fiyus ɗin da ke can baya a jikin amfilifaya ba ya ma jin labari, domin wutar ba ta iso wurinsa ba, ta kauce tun a hanya. Kuma ba sai mota tana tafiya ba. Wayar a haɗe ta ke da batir dare da rana, ko an zare makulli, saboda haka abin ya kan iya faruwa da tsakar dare, motar tana ajiye a ƙofar gida mutane suna barci. In akwai fiyus a bakin batir, abin da za a yi hasara shi ne fiyus ɗin kaɗai.

Akwai wata mummunar al'ada da ta kamata a ambata. Fiyus ya tsinke, maimakon a nemi abin da ya tsinka shi, sai a naɗa masa silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli, a ce an gyara. Wanda ya yi haka ya sallami mai gadi ne ranar da ya yi ihun ɓarawo. Girman fiyus kuma gwargwadon ƙarfin waya a ke zaɓensa. In ya fi ƙarfin wayar, ita za ta riga shi narkewa.

Tsakanin ɗakin inji da mazaunin mutane akwai bangon ƙarfe, tilas waya ta ratsa shi. Wurin nan ya fi ko'ina haɗari. Mai hankali ya kan nemi ƙofar da masu ƙera motar su ka bari da zoben roba, ya bi ta nan. In kuwa ya huda sabuwa, lalle ya sa mata zoben roba kafin ya zura waya. Daga nan babbar wayar ta bi gefe guda na mota, 'yan wayoyin da ke kawo sauti daga rediyo su bi ɗaya gefen, don kada kukan inji ya shiga cikin kiɗa. Akwai kuma wata siririya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, wadda ke tada amfilifaya in an kunna rediyo, ta kashe ta in an kashe. Wanda ya haɗa ta kai tsaye da batir zai wayi gari yana neman masu turi.

A cikin but sai a ɗaura wayar komawa a jikin ƙarfen mota. Ta zama gajeriya, kaurinta daidai da na babbar, a kuma kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin a ɗaure noti. Rabin ƙorafin da a ke kawo wa rewaya, na ƙugi da na yankewar sauti, daga wannan ɗauri ya ke. Kafin a huda ko'ina a daɓen but ko bayan kujera, wajibi ne a sunkuya a leƙa ƙarƙashi, gama tankin mai a yankin nan ya ke, da bututun mai da na birki. Ita amfilifaya a ba ta wurin shan iska. Zafin bazara a cikin rufaffen but ba abin wasa ba ne, in kuma an jibga mata tabarma ko buhu a ka, za ta ɗauke da kanta.

Akwatin wufa aikin kafinta ne, amma ba na kowane kafinta ba. Fatar sifika in ta tura iska gaba, a daidai lokacin tana janye ta ta baya. In ba a raba gaba da baya ba, sai su kashe juna, a ga fata tana rawa ba a jin kome. Akwati shi ne mai rabawa. A kan yi shi da katako mai kaurin inci uku bisa huɗu, a bi kowace gaɓa da gam don kada iska ta zurare. Rufaffen akwati ƙarami ne, sautinsa a tsare. Wanda a ka yi wa bututun numfashi ya fi girma, ya fi ƙara, amma sai an bi awon da masu ƙera sifikar su ka rubuta. Wanda zai sa wufa biyu kuma ya tambayi yadda za a haɗa su. Biyu masu om 4, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, watau nauyin ya ninka, ba kuwa kowace amfilifaya ce ke iya ɗauka ba.

A jikin amfilifaya akwai wani ɗan maɓalli na murɗawa wanda samari su ka ɗauka na ƙara murya ne, su kan kai shi ƙarshe. Aikinsa daidaita ta da ƙarfin rediyo ne kurum. In an ƙure shi sauti ya kan dagule, zaren wayar da ke cikin wufa ya yi zafi, sai a ji ƙauri. In kuma fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, altaneta ce ke kuka. Ta ƙaramar mota ba ta cika ba da fiye da amfiya 70 zuwa 100 ba, a ciki ne fitila da fanka da inji ke cin rabonsu.

Saura maganar kunne, shi kuwa ba shi da fiyus. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 kada a zauna cikinta fiye da awa 8, duk kuma ƙarin desibel 3 sai lokacin ya ragu da rabi. A desibel 100 minti 15 ke nan. Mota mai wufa, gilasanta a rufe, ta kan haura 110. 'Yan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Har wa yau direban da ke cikin irin wannan ƙara ba ya jin hon ɗin babbar mota, ba ya jin jiniya. Kakkauran sauti kuma ya kan ratsa bango yadda siriri ba ya iyawa, shi ya sa maƙwabci ke jinsa har cikin ɗakinsa. Wanda ya san ya kamata ya kan rage in ya shigo unguwa, ko ya zo wucewa ta masallaci ko asibiti.

Bayan an mai da kan batir an gwada, aikin da ya rage shi ne ɗaure akwatin. Nauyinsa ya kan kai na yaro ɗan shekara biyar ko shida, in an taka birki da ƙarfi kuwa zai zabura ya daki bayan kujera, ya fizge wayoyinsa. A kama shi da ƙarfe da noti, amma a wurin da za a iya ɗaga murfin daɓe a ciro tayar safaya da jak ba tare da an kwance shi ba.