Ƙundun Zabo da Kakan Kaza

A gidanmu na Tajaye ƙundu na Baba ne. Ko kaza aka yanka ko zabo, ba wanda ya isa ya kai masa hannu a cikin miya. Rabonmu mu yara ƙafa da wuya, sai aikin figa. Aikin bai taɓa damuna ba, domin a nan nake samun tsugunawa kusa da Inna in ga ta tsaga ƙundun da wuƙa, ta zazzage abin da ke ciki: gero niƙaƙƙe, guntayen ƙwari, da 'yan tsakuwa masu santsi kamar daga gulbi aka tsinto su.

Wata rana na ce, "Inna, me ya kai zabo cin dutse?"

Ta ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin haƙori a bakinsa? Dutsen niƙansa ke nan."

Shekaru bayan haka mushenmu, wato malaminmu, a lakwal a Birnin Konni ya cika allo da Faransanci kan wannan magana, amma bai ƙara komai a kan ta Inna ba.

Da damina ta faɗi, zabi suka fara ƙwai, Inna kan kwashe ta sa wa kaza, domin zabuwa ba ta iya reno ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabo ya kan kai 28, amma kazar haka za ta daure ta ƙara mako guda. Inna ta ce ai dangi ne. Ashe masu nazarin halittu ma rukuni ɗaya suka sa su, har da fakara, ko da yake asalin kaza dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, zabo kuwa ɗan ƙasa ne. Agwagwa ce ke bi musu a kusanci, ta ma fi tantabarar da suke tsattsaga tare a tsakar gida.

Inda na sha ƙasa shi ne jemage. A jarrabawa na lissafa shi cikin tsuntsaye, mushe ya ja masa jan biro. Na yi gardama, na ce yana tashi. Ya ce in je in duba: haƙora gare shi, haihuwa yake yi, yana shayarwa. Ya fi kusa da akuyar gidanmu a kan kurciya. Kama da wane ba ta wane. Tun daga ranar na daina yanke wa halitta dangi da ganin ido, sai na tambayi abin da ke ƙarƙashin gashi.

A ƙarƙashin gashin kuwa akwai abin kallo. Karya ƙashin damtsen fiffiken kaza, za ka tarar da rami a ciki. Ƙashin ƙirjinta yana da tudu mai kaifi inda tsokar kaɗa fiffike ke kamawa; jimina da ba ta tashi, nata ƙirjin a baje yake. A gindin wuya akwai siririn ƙashi mai rassa biyu kamar gwafa, wanda muke tsotsewa mu jefa wa kare. Ita kuma ƙafar da aka raina aka bar mana, saɓa ce a jikinta irin ta masu jan ciki, yatsu uku a gaba.

Sai da na je Yamai karatu, na shiga gidan tarihi na Boubou Hama, na tsaya gaban ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa, sannan waɗannan abubuwa suka haɗu mini wuri guda. A can hamadar Tenere ne Paul Sereno da tawagarsa suka tono Suchomimus a 1997, dinozor mai cin nama, tsawonsa wajen mita 11. Yana tafiya da ƙafa biyu, yatsu uku a gaba, kuma an sami wannan ƙashi mai gwafa a jikinsa. Tun 1861 aka gano Archaeopteryx a Jamus, mai gashin tsuntsu amma da haƙora da doguwar jela ta ƙashi. A 1996 kuma aka fito da dinozor mai gashi a ƙasar Sin. A wajen masana yau tsuntsu reshen dinozor ne da ya tsira.

Abin da ya fi ba ni wuyar haɗiyewa shi ne kada. Cikin masu rai, shi ne mafi kusa da tsuntsaye; ya fi kusa da kaza a kan ƙadangaren da yake kama da shi. Yana yi wa ƙwansa sheƙa, yana gadinsu, yana kuma haɗiyar duwatsu.

Da na zo hutu na ce, "Baba, ashe kada ɗan'uwan kaza ne." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ikon Allah ya wuce nan. Amma kada ka kawo mini ƙundunsa."

Har yanzu ina jin wasu na kiran dinozor kakan ƙadangare. Sunan bai zauna ba. In dai ƙashi za a tambaya, kakan kaza ya fi dacewa da shi.