Yaron Shago Ma a Yanka Masa Ranar Yaye

Gyaran waya nake yi a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma ba shi na karanta a jami'a ba. Da na gama bautar ƙasa na sha yawon kai takardu ofis-ofis, ko'ina amsar ɗaya ce: a bar su, za a neme ni. Da aka buɗe N-Power a 2016 na samu shiga, aka tura ni koyarwa a wata firamare, ana ba mu naira 30,000 a wata. Kuɗin sun rufa mini asiri, ba zan yi butulci ba. Amma da aka sallami rukuninmu a 2020 na dawo gida babu jari, babu sana'a, makarantar kuma ba ta da gurbin ɗaukata.

Kawuna ne ya kai ni shagon wani amininsa. Bayan sun gaisa ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan. In ya ci amana, ni za ka nema." Wannan magana ce ta sama mini benci a shagon, ba wanda ya tambayi digirina. Daga baya na ga dalili. Mutum zai ajiye wayarsa, da lambar bankinsa da hotunan iyalinsa a ciki, ya ce zai dawo bayan la'asar. Wa zai damƙa wannan ga yaron da bai san gidansu ba? A zamanin da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa ke aiki, baƙo ma kan tsaya a bakin get a ɗauke shi. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, na Kano ma galibi sun zama kango. Kasuwa ce ta rage, ita kuwa sai da mai tsaya maka. Samari da yawa da ake zagi da zaman majalisa, irin kawuna suka rasa.

Da shara na fara, da sayo shayi. Sai aka bar ni in kwance kusoshi, ƙanana kamar ƙwayar gero, ina jera su a kan maganaɗisu don kada ɗaya ta ɓace. An daɗe kafin a miƙa mini injin hura zafi in cire bakin caji. Ka ƙara zafi kaɗan, robar da ke kusa ta narke. Ka rage, dalma ta ƙi saki, ka ja da ƙarfi ka tsinke layin allo. Wanda ya koya mini wannan ba Alhaji ba ne, babban yaronsa ne.

A kansa nake so in tsaya. Ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya, ya fi kowa hannu a layinmu, masu kawo gyara da sunansa suke tambaya. Amma kullum da yamma kuɗin cefane ake ƙirgo masa daga aljihun tebur, yadda aka saba tun yana saurayi. Duk sanda ya tayar da maganar buɗe nasa wurin, sai a ce masa, "Ka ƙara haƙuri, lokaci bai yi ba." A lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa yana cikin masu aiki. Ita ce ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta sauya ma'auni, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma ya shiga sahun ma'aikata, adadin ya faɗo kashi 4.1. Ni dai na san ranar da bawan Allahn nan ya kwanta ciwo, gidansa ba a ɗora tukunya.

Inyamuran Sabon Gari sun riga mu gyara wannan. Tun ranar da aka kawo yaro ake yanka shekarun da zai yi, in sun cika ubangida ya sallame shi da jari. Su ma akwai masu ƙulla wa yaro sharrin sata in lokaci ya matso, amma kowa ya san an karya alkawari. Mu ma a Kantin Kwari akwai iyayen gidan da suka buɗe wa yaransu shago, har suka yi musu aure. Sai dai a wurinmu alheri ne, in an ga dama. Ba sharaɗi ba ne da za a kama mutum da shi.

Abin da ya fitar da ni, kawu tsohon ɗan kasuwa ne. Tun ranar farko, a gaban shaidu, ya sa aka faɗi lokacin yaye da abin da zan tafi da shi. Lokacin na cika Alhaji ya ba ni mita da injin zafi, ya sama mini tebur a wani lungu.

Yanzu ni ma ina da yara, kuma ba na karɓar kowa sai mahaifinsa ko yayansa ya zo mun rubuta yarjejeniya. Na farkon da na yaye ya tafi da wasu masu kawo mini gyara. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Yau shi ke turo mini aikin da ya gagare shi, kuma ya ɗauki yaro nasa.

Iyaye, in za ku kai ɗa koyon sana'a, kada kunya ta hana ku tambayar ranar yaye. Ku kuma iyayen gida, ku duba shagunanku: in akwai wanda ya iya aiki tun tuni kuna riƙe da shi da kuɗin cefane, ku ji tsoron Allah ku sallame shi a bana.