Takardar ƙarar da ban karanta a taro ba



Kun saba ganin rubutuna a nan kan sanarwar taro ko tunatarwar kuɗin wata. Yau wata magana ce da ta daɗe tana cin raina tun wasannin yaranmu na bayan Babbar Sallah, kuma ina da laifi a cikinta, shi ya sa na ga ya dace in faɗe ta da bakina.

Waɗanda suka je fili sun ga tseren 'yan mata na mita 200. Akwai wata yarinya 'yar shekara 14, doguwa, mai faɗin kafaɗa da kaurin murya. Ba zan faɗi sunanta ko gidansu ba, wanda ya san ta kuma don Allah ya riƙe a ransa. Ta yi wa sauran fintinkau. Ba ta gama mayar da numfashi ba wani ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo ya ce, "Wannan ai namiji ne!" Wani ya ƙara da, "Mata-maza!" Aka fashe da dariya. Ina zaune a teburi ina rubuta sakamako, ni ma na dara. Ta waiwayo, muka haɗa ido.

Bayan kwana uku mahaifin yarinyar da ta zo ta biyu ya kawo mini takarda. Yana neman ƙungiya ta sa dattawan mata su duba yarinyar kafin wasa na gaba, in ba haka ba a karɓe kyautar. Na karɓa, na sa a jerin batutuwan taro kamar kowace takarda.

Kafin ranar taro na gamu da kocin yaran. Tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, yake horar da su kyauta duk Asabar. Da na gaya masa, bai yi gardama da ni ba. Ya ce, "Sakatare, ka zo fili ranar Asabar ka gani da idonka, sannan ka karanta takardarka."

Na je. Ya jera su, ya hura usur. Yarinyar ta fita a gaba kamar yadda ta saba, amma da ta zo kwana sai ta waiwaya, ta rage gudu, biyu suka wuce ta. Ta zo ta uku. Malam ya nuna mini littafin da yake rubuta lokacin kowa. Tun ranar wasan nan lokacinta ke ja da baya. Na ce, "Malam, ko ta ji rauni ne?" Ya ce, "Ƙafarta lafiya lau. Tsoron cin tsere take yi. Ta gane cewa in ta zo ta uku ba wanda zai kalle ta."

Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce mai gudu da kansa yake fara gudu kafin ƙafa. In tsoro ya shiga, kafaɗa takan ɗaure, numfashi ya gajarta, taku ya ragu. Yaron da ke tunanin abin da za a faɗa a kansa a ƙarshen layi ba zai so ya riga kowa isa wurin ba. Don haka ya daina yi mata maganar lokaci. Ya ba ta jagorancin motsa jiki na safe, ya sa ta a ƙarshen tseren miƙa sanda, inda nasara ta mutum huɗu ce, ido ba ya kanta ita kaɗai. Ya kuma kafa doka: duk yaron da ya yi wa wani ba'a da halittarsa, gajere ne, mai ƙiba ne, mai in'ina ne, zai zauna a benci mako biyu.

Shi ne ya fara ambata mini sunan Kasta Semenya, na koma gida na nemi labarin. A watan Agusta na 2009, tana da shekara 18, wannan 'yar Afirka ta Kudu ta ci zinare a tseren mita 800 na gasar duniya a Balin. Sa'o'i kaɗan kafin tseren labari ya bazu cewa ana binciken jinsinta. Duniya ta yi ta tattauna jikinta a jarida da talabijin, ba a kuma bar ta ta koma gasa ba sai Yulin 2010. Kafin ita akwai Santi Sundarajan ta Indiya, wadda aka karɓe wa azurfar mita 800 ta wasannin Asiya na 2006 a Doha bayan irin wannan gwaji. Shekara na zagayowa ta yi yunƙurin kashe kanta. Daga baya har aikin bulo ta yi, kafin ta dawo fili a matsayin mai horar da yara.

Abin ya zo har maƙwabta. Aminatu Seyni ta Nijar ta yi mita 400 a daƙiƙa 49.19 a 2019, tana cikin mafi sauri a duniya a shekarar. Amma dokar hukumar guje-guje ta duniya kan yawan testosteron, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin maza kuma yake ƙara ƙarfin tsoka, ta hana ta wannan tsere a Olamfik na Tokiyo. Ta koma mita 200, kuma a gasar duniya ta 2022 a jihar Oregon ta Amurka ta zo ta huɗu. A 2023 aka faɗaɗa dokar ta shafi dukkan tseren mata.

Waɗannan mata an haife su, an raɗa musu suna, an rene su a matsayin mata. Wasu da yawa sai a ɗakin gwaji suka fara jin cewa halittarsu ta bambanta. Mu ma abin ba baƙo ba ne gare mu. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun yi maganar wanda aka haifa da alamun jinsi biyu, har da rabonsa na gado. Malamai sun ɗauke shi mutum mai haƙƙi, mu muka mai da shi abin dariya.

Ban ce mai ƙarar ba shi da magana ba. 'Yarsa ta yi atisaye, ta zo ta biyu, yana neman adalci. A manyan gasa, inda ake maganar lambobi da maƙudan kuɗi, har yau likitoci da alƙalai da 'yan wasa suna ta muhawara kan inda ya kamata a ja layi. Amma mu kyautarmu jakar makaranta ce da littattafan rubutu dozin ɗaya. Kuma ba mu san komai game da jikin yarinyar nan ba in ban da tsawo da murya, waɗanda mata da yawa ke da su. Ko da akwai wani abu, magana ce tsakaninta da iyayenta da likita.

Na je gidan mai ƙarar da daddare. Na ce, "Alhaji, in an karanta takardar nan a gaban taro, ko an duba ko ba a duba ba, sunan ya manne mata. Mu baƙi ne a garin nan, unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya. Ranar da aka zo neman aurenta wani zai tuna. Da 'yarka ce fa?" Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardarsa.

Mafi wuya shi ne zuwa gidansu yarinyar. Na nemi gafarar mahaifinta kan dariyar da na yi. Mahaifiyarta, daga bayan labule, ta ce yarinyar ta kwana biyu tana kuka, ta kuma daina ɗaga murya ko a cikin gida. Ta ce ta so ta hana ta fili gaba ɗaya, Malam ne ya roƙe ta.

Yanzu tana zuwa duk Asabar. A tseren miƙa sanda tana gudu da dukkan ƙarfinta, amma har yau ba ta yarda ta sake shiga tseren mutum ɗaya ba. Malam ya ce kada a matsa mata.

A taro mai zuwa zan gabatar da shawara biyu. Ta farko, dokar bencin Malam ta hau kan manya 'yan kallo, a fitar da duk wanda ya yi wa yaro ba'a da halittarsa. Ta biyu, ƙungiya ba za ta karɓi ƙara kan jikin yaro ko yarinya ba. Ina roƙon ku zo, ku goyi baya ko ku gyara mini.

Allah ya yafe mana, ya raya mana zuri'a.

Sakataren ƙungiya